Mun Je Damagaram Mu Yi Wa Alƙalan Gasa Ihu

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ban huta ba. A ofishin malamai tambaya, a bakin masallaci tambaya, ko wurin mai nama na tsaya sai wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Sabo, wai da gaske kai ka hana a ɗaga ƙyallen?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda na gaya wa, in ya je gaba sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wani ya rantse mini cewa jandarmomi sun kulle mu kwana biyu. To ga shi na rubuta sau ɗaya, yadda abin ya faru. Mai son ƙari ya nemi Hajiya Talatu a Gagarawa, ita ba ta gajiya da maimaitawa.

Ga wanda bai bi gasar ba, wani gidan talabijin ne a Damagaram ya shirya ta don matasan mawaƙan gargajiya na Nijar da Najeriya, ana nunawa duk Asabar da yamma. Makin kashi biyu ne. Rabi na jama'a, masu tura saƙo ta waya, rabi kuma na alƙalai uku da ke zaune a kan tebur gaban dandali. Namu shi ne Manu, wani saurayi daga wata ruga a bayan Sule Tankarkar, mai kaɗa garaya. Da Hausa yake waƙa, yana sirkawa da Fulatanci. Ranar da muka fara ganinsa a talabijin ya ambaci Gumel da Maigatari a cikin baiti, shi ke nan ya gama da mu.

A gidan kallon ƙwallon unguwarmu muke haɗuwa. Aka kafa ƙungiyar magoya baya, aka naɗa ni shugaba, ba don na fi kowa sanin waƙa ba sai don na fi kowa fushi. Duk Asabar nakan zagaya masu shayi da teloli da 'yan acaɓa ina tuna musu lambar da ake tura saƙon. A Gagarawa Tasha kuwa Hajiya Talatu, 'yar kasuwar riɗi, ta fi ni tsari. Gida-gida take bi tana karɓar wayoyin mata ta zuba a faranti, in lokaci ya yi ta zauna ta riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka duk mako Manu ne na ɗaya a ƙuri'ar jama'a. Sai a zo kan alƙalai su jawo shi ƙasa, ya tsallake da ƙyar a na uku ko na huɗu. Biyu daga cikinsu da sauƙi. Ta ukun ce matsalarmu, Madam Rakiya, mai farin tabarau, wadda ba a taɓa ganin haƙorinta ba. Za ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Manu, muryarka mai kyau ce, amma gudu kake yi kamar an biyo ka." Sai ta ɗaga maki biyar cikin goma. Gidan kallo ya kaure. Akwai ranar da wani ya jefi talabijin ɗin da takalmi, mai gidan ya rantse in aka sake zai koma nuna mana kokawa. Abin da ke ci mana rai shi ne, dubban mutane sun ce e, mutum uku sun ce a'a, kuma a ce maganarsu daidai take da tamu. Da Manu ya kai zagayen ƙarshe, muka yanke shawara za mu je da kanmu, mu zauna a gaban matar nan, ta ji muryar jama'a da kunnenta.

Sauran 'yan ƙungiya za su biyo baya a bas ranar Asabar da asuba. Ni da Hajiya muka ce mu riga su don mu shirya. Kuskuren farko, ranar Alhamis muka tashi, ranar kasuwar Maigatari. Daga shiga gari zuwa tasha mun fi awa ɗaya muna bin bayan raƙuma da motocin shanu. Hajiya ta iso da wata ƙatuwar jaka da ba ta yarda kowa ya taɓa ba, da farin yadi ninke wanda za mu rubuta saƙonmu ga alƙalai a kai. Direbanmu Isiya, ɗan Maigatari ne mai wata tsohuwar mota da ake buɗe ƙofarta ta baya da igiya.

Muna shirin tashi sai ga ɗan acaɓa ya sauke wani dattijo dogo, siriri, da malafa da sanda. Ya tambaya wane ne malamin da zai je wurin Manu. Na ce ni ne. Ya ce shi ne Baffa Jauro, mahaifinsa. Hajiya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar tasha, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Malam, ni ba kallo zan je ba. Wata uku ke nan ƙannensa ke kiwo su kaɗai. In an gama ranar Asabar zan taho da shi, ya rataye abin kiɗan nan, ya koma bayan shanu." Ashe bai taɓa ganin ɗansa a talabijin ba, ko sau ɗaya. Muka dubi juna ni da Hajiya. Ta raɗa mini, "In ya ci na ɗaya, tsohon zai sauko." Muka ba shi gaban mota.

A bakin iyaka namu jami'an ba su ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka sai wani jandarma ya karɓi katunanmu, ya duba nawa, ya tambayi sana'ata. Na ce koyarwa nake yi a firamare. Ya ƙame ya ce, "A, sannu Mushe!" Hajiya ta zabura. "Mushe? Mutum da ransa da lafiyarsa ka ce masa mushe?" Sai da Isiya ya gama dariya ya yi mata bayani cewa a can haka ake kiran malamin makaranta, girmamawa ce. Ta ce in wannan ce girmamawa, Allah ya raba ta da zaginsu. Tun daga nan har muka dawo ba ta sake ce mini Malam ba.

Da aka zo kan Baffa, ya zaro katin zaɓensa daga cikin wata 'yar jakar fata, yana ta kallon sandar da aka gitta a hanya. Ya ce wa jandarman, "Na fi shekara arba'in ina shiga ƙasar nan da shanu, ban taɓa sanin akwai ƙofa ba. Mu ta gabas can muke bi." Jandarman ya toshe kunnuwansa da hannu biyu ya ce, "Baba, ban ji ba, kada ka sake faɗa." Da ya ji abin da zai kai mu kuwa sai ya saki jiki. Shi mai goyon bayan Zara'u ne, wata 'yar garin Mirya kusa da Damagaram, da ita ma ta kai zagayen ƙarshe. Ya ce ba zai ɗaga sanda ba sai mun tabbatar masa mu mutanen Manu ne. Hajiya ta gyara mayafi ta rera masa baiti biyu cur, da Fulatancin da ba ta san ma'anarsa ba. Baffa ya sunkuyar da kai ya ja malafa ya rufe fuska.

Damina ce, hanyar Dungas yashi ne da kududdufai. Ba mu yi nisa ba gardama ta tashi, domin Isiya ya ce shi bai ga laifin alƙalai ba.

"In da fasinja ne za su riƙa zaɓar inda zan sa taya da ƙuri'a," in ji shi, "da tuni muna cikin rami. Kowa da abin da ya sani."

Hajiya ta ce, "Waƙa ba tuƙi ba ce. Don wa ake yin ta? Don mu ake yin ta ko don mutum uku masu tabarau?"

"To in garinku ya fi garin wani yawan mutane fa? Ko jaki kuka tsayar sai ya ci."

"Wa kake ce wa jaki? Tsaya in sauka!"

Bai tsaya ba, amma motar ta tsaya da kanta. Yana waiwaye yana ba ta amsa ya zura mu cikin wani kududdufi, tayoyin baya suka nutse. Na tuɓe takalmi na naɗe wando, muka tura har laka ta wanke mini fuska, ko motsi ba ta yi ba. Can sai ga wani mai amalanke da bijimai biyu. Aka ɗaura igiya, mutumin ya yi ta tsawa yana ɗaga bulala, bijiman suka kafe. Baffa ya fito daga mota a hankali, ya ce masa ya ajiye bulalar. Ya shafa wuyan ɗaya, ya yi musu wata magana ƙasa-ƙasa, ya yi ɗan fito. Suka sunkuyar da kai suka ja, motar ta fito kamar an zare ƙaya. Ya koma mota ya zauna.

A Magariya muka tsaya muka yi salla muka ci abinci. Shinkafa da wake ce irin tamu, sai dai burodinsu dogo ne kamar sandar Baffa, ɓawonsa da tauri. Hajiya ta gatsa sau ɗaya ta ce wannan na dukan ɓarawo ne, amma na ga ta sayi biyu ta cusa a jaka. Na nemi ɗan acaɓa ya kai ni inda zan wanke wandona, babu wanda ya gane sai da na ce kabu-kabu. Waya kuma salula suke ce mata. Hausarmu ɗaya da su, amma kowace jimla sai ka ci tuntuɓe da wata kalmar Faransanci, kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

Kafin magariba muka shiga Damagaram. Isiya ya ce kada mu nemi masauki, akwai wani kawun matarsa, Mushe Laminu, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, gidansa da faɗi. Dattijo ne gajere mai fara'a. Ya ba mu ɗakin zaure, aka shigar da Hajiya wurin iyalinsa. Abin da ya fi burge ni da su shi ne shayi. Mu a Gumel kofi ɗaya ne babba da madara, ka shanye ka tafi aikinka. Su kuwa ɗan mitsitsin kofi ne, zagaye uku, kowane zagaye sai an dafa shi kamar ana dafa ganda. Na sha na farko mai ɗaci na yi godiya na miƙe, mai gida ya kamo rigata ya ce ba a tashi a na farko. Baffa ne kaɗai ya ji daɗin abin, domin babu mai matsa masa ya yi magana.

Ranar Juma'a da hantsi muka shimfiɗa farin yadin a tsakar gida. Mushe Laminu da kansa ya nemo mana fenti da buroshi, ya kuma riƙe mini gefe ɗaya don kada iska ta ɗaga. Na rubuta da manyan baƙaƙe: KURI'AR JAMA'A CE GASKIYA. A ƙasa Hajiya ta sa na ƙara: MADAM RAKIYA KI NEMO KUNNE.

Mai gida ya karanta ya ce, "Me ta yi muku haka?"

Hajiya ta zauna ta zayyana masa tun daga makon farko, har da kwaikwayon yadda take kallo ta saman tabarau. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Wallahi kin iya ta. Haka take yi."

Bayan an sauko daga masallaci muna zaune ana dafa shayi, yadin yana shanye a kan igiya, sai muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Wata mata ta yi sallama ta shigo da kwanon abinci, ta durƙusa gaban mai gida ta ce, "Baba, ina wuni." Ta ɗago kai. Farin tabarau.

Ban san lokacin da kofin ya zube mini a cinya ba. Hajiya, wadda ban taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba, ta buɗe baki ta kasa rufewa. Na juya wurin Isiya, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai ba ku tambaye ni ba."

Mushe Laminu ya ce, "Rakiya, ga baƙina daga Najeriya. Sun zo miki da saƙo, ga shi can yana bushewa."

Ta je ta tsaya gaban yadin ta karanta a tsanake. Ta ce, "Wa ya rubuta?" Hajiya ta nuna ni da sauri ta ce, "Mushe ne." Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da na sha zagi daga nesa, ta ce, "Malamin makaranta ne kai, ka rubuta ƙuri'a babu lanƙwasa?" Ta ɗauki buroshin ta tsoma a fenti ta ɗora wa harafin lanƙwasarsa. Layin ƙasa kuwa ba ta taɓa shi ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Hajiya dai ta farfaɗo. Ta ce, "Tunda Allah ya haɗa mu, bari in tambaye ki. Ke kaɗai kin fi mutum dubu ji ne?"

"Ban fi su ji ba, Hajiya. Amma ki gaya mini gaskiya. In gobe Manu ya hau dandali ya yi tari kawai ya sauka, za ki tura masa saƙo ko ba za ki tura ba?"

"Zan tura."

"To kin gani. Ke ɗanku kike zaɓa. Ni an ajiye ni ne in saurari waƙar."

"Na ji. Ke kuma wa ke sauraron ki? In kin tashi da ciwon kai ranar, ko miya ta ƙone miki, ɗanmu ne zai ɗauka?"

Madam ta ce, "Wannan ma gaskiya ce. Akwai makon da na koma gida na sake kallo na ga na matse shi da yawa." A nan ne na fara ganin haƙorinta.

Duk wannan Baffa yana gefe yana jan carbi. Da aka gaya mata ko shi wane ne, ta matsa ta gaishe shi da ladabi. Ya ce, "'Yata, tambaya ɗaya. Yaron nan ya iya, ko ɓata lokaci yake yi?" Ta ce, "Baba, maganar gobe ba zan yi ta a nan ba, amana ce. Amma da bai iya ba, da ban wahalar da bakina a kansa wata uku ba." Baffa ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Ranar Asabar bayan la'asar muka shiga zauren gasar. Ya cika maƙil, fankoki suna juyawa amma zafi kamar gidan burodi. 'Yan bas ɗinmu sun iso, sun kama layi uku a tsakiya, suna ta tambaya ina ƙyalle. Ƙyalle yana ƙarƙashina, na ninke shi huɗu na zauna a kai. Na ce fentin bai bushe ba. Suka ce kwana guda? Na ce damina ce. To ga amsar masu tambaya: e, ni na hana. Mutumin da ya ba ka ɗaki ya riƙe maka gefen yadi, ba ka ɗaga zagin 'yarsa a gaban duniya.

Mutum huɗu ne suka rage. Biyun farko sun yi nasu, babu laifi. Sai Zara'u ta fito da mata uku masu kiɗan ƙwarya. Zan faɗi abin da ban faɗa a gidan kallo ba: a talabijin ba a jin rabin muryar yarinyar nan. Da ta ɗaga ta sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Na kama ƙafata tana bin kiɗan, na taka ta da ɗayar.

Manu ne na ƙarshe. Ya fito da garayarsa yana murmushi, ya ɗaga mana hannu, sai idonsa ya faɗa kan malafar da ke kusa da ni. Babu wanda ya gaya masa mahaifinsa ya zo. Murmushin ya ɗauke. Ya tsaya kamar an dasa shi, har mai gabatarwa ya fara matsowa. Hajiya ta kama hannun kujera tana salati. Can ya sunkuyar da kai ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya jira, ya taɓa ta biyu. Waƙarsa ce ta dawowar shanu da yamma, wadda muka saba ji yana zuba ta a guje muna tafi. Ranar kuwa, ko don tsoro ko don kunya, a hankali ya ja ta, kowace kalma sai ta zauna kafin ta gaba ta zo. Sai a ranar na san akwai sunayen shanu a cikinta, ɗaya bayan ɗaya. Zauren ya yi tsit. Na saci kallon Baffa, na ga leɓɓansa suna motsi tare da na ɗansa.

Aka buɗe ƙuri'a, minti talatin. A nan Hajiya ta zuge jakar da ta hana kowa taɓawa. Wayoyi ne cike, na matan Gagarawa Tasha kaf, ta kwaso su don ta tura a gaban idon alƙalai. Ta ɗauki ta farko ta tura. Saƙo bai tafi ba. Ta biyu, bai tafi ba. Na gwada tawa, 'yan bas suka gwada nasu, duk haka. Ashe lambar da muke turawa daga gida ba ta aiki in ka tsallaka iyaka, ta Nijar kuma ba ta karɓar layinmu. Kira yana shiga, shi ya sa ba mu yi zargin komai ba. Na kira mai gidan kallo a Gumel ina ihu a tura, a tura. Da ƙyar nake jin sa. Ya ce hadari ne ya taso tun la'asar, iska ta juya farantin tauraron ɗan'adam, ko hoto babu, kowa ya gudu gida kwashe shanya. Wato duk masu zafin tura saƙo mun kwaso kanmu da wayoyinmu mun zo inda ba mu da amfani. Wani matashi a bayanmu ya ga Hajiya tana neman yin kuka, ya miƙo mata wayarsa ya ce, "Hajiya, na riga na yi wa Zara'u, amma ki yi wa naku ɗaya." Ta karɓa tana sa masa albarka har da iyayensa.

Aka fara da sakamakon jama'a. Zara'u ta ɗaya da tazara mai nisa, Manu na uku. Sannan alƙalai. Biyun farko suka ba shi tara-tara. Madam Rakiya, wadda ta ba Zara'u takwas, ta dube shi ta ce, "Yau ka tsaya ka jira waƙarka." Ta ɗaga goma.

Zauren ya kaure da ihu, amma ba namu ba. 'Yan gari ne. "An saye ta!" "Ba mu yarda ba!" Wani ya jefo ledar ruwa ta fashe a gaban teburinsu. Wani kusa da mu yana ta faɗin mutum uku ba za su fi dubbai ba, kalma a kan kalma abin da na sha faɗa a Gumel. Sai na ga Hajiya Talatu ta miƙe tsaye, mayafi a kafaɗa, tana nuna su da waya a kowane hannu. "Ku bar ta! Matar nan ita ta san waƙa! Ku ban da 'yar garinku me kuka sani?" Da ƙyar na zaunar da ita.

Da aka haɗa makin, Zara'u ta ci, Manu na biyu. Ba don alƙalai ba da ko kusa bai zo ba. Na tafa wa Zara'u, kuma ba don kunya na tafa ba.

A waje Manu ya ratso mutane ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa. Muka yi cirko-cirko muna jira. Baffa ya dube shi ya daɗe, ya yi masa wata gajeriyar magana da Fulatanci, Manu ya amsa yana share ido. Na ja Isiya gefe, shi da yake jin yaren, na ce me ya ce? Ya ce, "Cewa ya yi, ka rame, ba sa ba ka nono a nan ne?"

Lahadi da safe muka yi sallama da Mushe Laminu. Ya roƙi in bar masa yadin, wai zai rataye a zaure don in 'yarsa ta zo ta riƙa tunawa akwai masu sauraron ta. Muka taho da Manu a motarmu. Tun daga Damagaram har Magariya Hajiya tana bayanin cewa ƙuri'ar waya shirme ce, duk garin da ya fi yawa shi ke ci, kamata ya yi a bar wa masana. Isiya ya yi ta dariya har ya kusa sake zura mu a ruwa. Ni dai na kasa tsayar da ra'ayi ɗaya. Har yau in an tambaye ni wa ya kamata ya yanke hukunci, sai in tambayi mutum nasa ne ya ci ko ya faɗi.

Bayan mota ya cika da kayan Hajiya, babu inda za a sa garaya. Manu zai riƙe ta a baya inda muke a matse, sai Baffa ya miƙo hannu daga gaba ya karɓa ya ɗora a cinyarsa. Bayan Dungas aka fara yayyafi, gilashin gefensa kuma ba ya rufuwa. Ya cire bargon da ke kafaɗarsa ya lulluɓe ta, shi ruwa yana dukansa. Hajiya ta kasa haƙuri ta ce, "Baffa, har yanzu za a rataye ta ɗin?" Ya ce, "Yanzu damina ce, akwai aiki. In an yi kaka a gani." Manu ya juya fuska wajen taga. A Maigatari suka hau acaɓa ɗaya suka nufi Sule Tankarkar, garayar tana tsakaninsu.

Na isa gida Gumel bayan la'asar, wando duk laka. Matata Binta ta kawo mini ruwa da tuwo, ta zauna tana sauraro ina ba ta labari, har na zo inda saƙonni suka ƙi tafiya. Na ce abin da ya fi ba ni takaici shi ne ko ƙuri'a ɗaya ba ta fita daga gidan shugaban ƙungiya ba.

Ta ce, "Ta fita mana. A rediyo na ji an buɗe, na tura."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka. Ko ba komai gidan nan ya fita kunyar Manu."

Ta ɗauki kwanon wanke hannu ta miƙe. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni fa tun makon farko Zara'u nake yi wa."